An Yi wa Mama Laraba Shiru na Minti Ɗaya

Barka da yamma mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ne Bulus daga Kafanchan.

Makon jiya wani farfesa ya yi lacca a jami'a kan waƙoƙin niƙa na matanmu. Na ji za a saka waƙar Mama Laraba, yayar babana, wadda farfesan ya naɗa tun yana ɗalibi, sai na ɗauko ta a babur daga Kwoi. Ta ɗaura sabon zane, ko za a ce ta rera.

Farfesa ya yi awa biyu yana zuba Turanci. Ya saka muryarta, ya share ido, ya ce mai waƙar ta daɗe da rasuwa, a miƙe a yi mata shiru na minti ɗaya.

Mama ba ta jin Turanci. Ita ma ta miƙe, ta raɗa mini, "Bulus, wa ya rasu?" Na ce wata tsohuwa ce. Ta ce, "Allah ya ba su haƙuri. Yaushe za su kira ni?"

Har yau tana jira. Jama'a, in faɗa mata?

Ina gaida Farfesa, ya ƙarin haƙuri?