Babur a Bayan Motar Suruki

Salma: Salamu alaikum. Halo? Abban Amira?

Hambali: Wa alaikumus salam. Maijego, kin wuni lafiya?

Salma: Lafiya lau. Ya aiki?

Hambali: Da godiya. Ya ruwan zafi? Ya Amira?

Salma: Ruwan zafi ana ta fama, Hajiya ba ta ɗaga mini ƙafa ko na rana ɗaya. Amira ga ta nan, yanzu ta samu barci.

Hambali: Madalla. Ya Hajiyar? Ya sauran mutanen gida?

Salma: Kowa lafiya. Kai ne dai ka yi wuyar gani. Don na zo wankan gida sai ka yar da ni? Kwana uku ko leƙe, sai ka ce unguwarmu Kabara a Legas take.

Hambali: Ayyuka ne suka sha mini kai a ofis. Am... ya Baba?

Salma: Hmm.

Hambali: Halo? Na ce ya Baba?

Salma: Ina jin ka. Baba dai sai addu'a. Tun shekaranjiya ko loma bai kai bakinsa ba, sai ruwan shayi. Wani mutum ya buge da motarsa.

Hambali: Subhanallahi.

Salma: Wani mai babur, nan wajen Ƙofar Na'isa. Baba ya ce kira ne ya shigo masa, ya sunkuya duba waya, ya karya kan mota zai shiga layi ko sigina bai sa ba. Sai ƙara kawai ya ji. Ka san Baba, ba ya ɗora wa kowa laifinsa. Ya ce shi ne bai duba ba.

Hambali: Allah ya kiyaye gaba. Tsautsayi ne, ki ba shi haƙuri.

Salma: Wane haƙuri? Ai magana ta wuce nan. Jiya yawon asibitoci ya wuni yi yana cigiyar mutumin, bai same shi ba. Yau da safe sai ga labari an yi rasuwa a Dukawuya, wani saurayi, haɗarin babur, shi ma shekaranjiya. Wai ya koma gida lafiya, ashe jini na zuba ta ciki. Baba ya ce ba ko tantama shi ne.

Hambali: Me? Layin yana yankewa, me kika ce?

Salma: Na ce Baba ya ce shi ya kashe shi! Yanzu haka alwalar la'asar yake. Yana idarwa zai tafi gidan makokin ya gaya wa iyayen yaron da bakinsa, daga nan ya kai kansa wajen 'yan sanda. Hajiya ta yi kuka ta gaji. Ga shi da hawan jini, ga gidan da ba mu san su waye ba, zuciya a tafashe...

Hambali: Kada ya je! Salma, ki hana shi. Ba wannan yaron ba ne.

Salma: Ya aka yi ka sani?

Hambali: To ai... wanda ya buge ɗin da ƙafarsa ya miƙe ya ja babur ɗinsa. Kuma ba wani bugu ba ne, gefen ƙofar baya ce ta shafe shi. Da ma madubin dama a naɗe yake, ta ina zai gan shi?

Salma: Madubi?

Hambali: Ba ya naɗe shi in zai fito daga lungunku ba? Mantawa ya yi bai buɗe ba.

Salma: Abban Amira. Ni ban ce maka ƙofar baya ba. Ban ce maka madubi ba. Ko Hajiya ba ta san wannan ba.

Hambali: Am... wato...

Salma: Halo? Kana wurin aka yi?

Hambali: Ina wurin.

Salma: Kana wurin ka ga Baba cikin wannan hali ba ka... Tsaya. Tsaya tukuna. Me ya hana ka zuwa kwana uku?

Hambali: Hannuna ne a ɗaure. Wuyan hannun dama ya goce, Malam Tanko mai ɗori ya gyara.

Salma: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai ne?

Hambali: Yi a hankali don Allah, kada a ji ki.

Salma: Kai ne! Na shiga uku. Kanka fa? Ƙirjinka? Ka je asibiti?

Hambali: An yi hoto, ba komai. Hular kwano ce ta sha ƙasa, sai gwiwa da ta ɗan kurje.

Salma: To garin yaya? Kai da ka ishi kowa da wa'azi? Wa ya hana Yaya Anas sakat sai da ya sayi hular kwano? Wa yake cewa a kunna fitila ko da rana tsaka, a ɗauka duk mai mota makaho ne?

Hambali: Ni ne. Ni nake cewa in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Wallahi Salma, wannan wurin na nema da gangan na shiga.

Salma: Da gangan?

Hambali: Na taso daga ofis, sai na ga motarsa a gabana tana tafiya a hankali. Ya zan yi? In wuce surukina in bar shi da hayaƙi? A gidanmu ko hanya aka haɗa da suruki sai a ratse. Tsayawa kuma ba hali, ga a-daidaita-sahu a bayana kamar za su hau ni. Sai na kashe fitila, na sauke gilashin hula, na raɓe a gefensa na dama, na ce in ya yi gaba sai in sulale.

Salma: Kai jama'a! Da ka ga yana karyo kai, ba sai ka danna hon ba?

Hambali: Yatsana yana kai. In yi wa Baba hon? A titi?

Salma: Gara ya taka ka ke nan? Wannan fulakon naku zai kashe ka wata rana, wallahi!

Hambali: Faɗi ki ƙara. Na cancanta.

Salma: To an faɗi, an tashi. Me ya hana ka buɗe fuska ka ce Baba ni ne?

Hambali: Ba ki ga abin da na gani ba. Kafin in miƙe mutane sun taru. Wasu samari suna ta zaginsa, wai tsoho in ba ka gani ka ajiye mota. Wani har da buga masa bonet. Shi kuwa ya fito, hularsa ta faɗi bai ma sani ba, ya zo ya durƙusa a gabana a kan kwalta. Ya kama ƙafata yana cewa, ɗana ka yafe mini, ɗana mu je asibiti. Baba fa, Salma. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da ya ba ni ke. In buɗe gilashi a lokacin, ya ga wanda ya durƙusa wa a gaban jama'a? Na san ina yin magana zai gane muryata. Sai na ɗaga masa hannu kawai, na ja babur na shige lungu.

Salma: Ka bar shi da masu zaginsa.

Hambali: Na bar shi. Shi ne abin da ya hana ni barci, ba hannun ba.

Salma: To yanzu fa? Ga shi can ya sallame, ina jin motsinsa.

Hambali: Ki gaya wa Hajiya ta gaya masa. Ko ki ce wani abokina ne, na san shi, yana nan lafiya...

Salma: Ƙarya zan yi wa ubana? Ai cewa zai yi a kai shi ya gan shi. A'a. Da bakinka.

Hambali: Salma, don girman Allah, ba zan iya ba. Bari in turo Kawu Gambo da daddare, manya su...

Salma: Takalmi yake sawa! Baba! Baba, tsaya don Allah, ga waya... Abban Amira ne, wai magana ce ta gaggawa.

Baba: Salamu alaikum. Malam Hambali?

Hambali: Wa alaikumus salam, Baba. Barkanku da yamma. Kun wuni lafiya? Ya gida, ya kasuwa, ya...

Baba: Lafiya, alhamdulillahi. Ka yi haƙuri, fita zan yi, akwai inda ake jira na.

Hambali: Baba, kada ku je Dukawuya. Wanda kuka... mai babur ɗin nan bai mutu ba. Ni ne, Baba.

Baba: Innalillahi...

Hambali: Halo? Baba?

Baba: Ƙafar da na riƙe, taka ce?

Hambali: Tawa ce, Baba.

Baba: Ka ji ciwo?

Hambali: Kaɗan ne, a hannu. An ɗaure.

Baba: Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Allah na gode maka... Hambali, kana kallona ina hawaye, ka yi shiru?

Hambali: Baba, kunya ce ta...

Baba: Kwana biyu ina ɗauke da gawa a kaina. Salma, karɓi wayarki.

Hambali: Baba, ku tsaya ku ji! Ga ni nan zuwa yanzu, ko da ƙafa ne... Halo? Salma? Halo?