Tabon da Ke Saman Gadon Inna

A shagon kayan gini, wata mata tana jiran a haɗa mata fenti, wani dattijo na tsaye a gefenta.

"Mai kauri nake so," ta ce wa mai shago. "Sau uku ina shafe tabon silin ɗin nan, yana dawowa."

Dattijon ya juyo. "Baiwar Allah, ki gafarce ni da shisshigi. Yaushe rabonku da ruwan sama?"

"An fi wata huɗu."

"Kuma tabon ƙaruwa yake yi?"

"Da kamar faranti yake, yanzu ya kusa tabarma."

"To ba kwanon rufi ke yoyo ba. Me ke samansa?"

"Tankin ruwa. Maigidana ne ya ɗora da kansa, shi ya sa ba na son tayar da maganar."

"Silin ɗin ya yi ciki?"

"Ya ɗan yi."

"Wa ke kwana a ƙarƙashinsa?"

"Innata. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta."

"Ruwa ne kwance a saman kanta. Kira gida yanzu a fitar da ita, a kashe wuta, a rufe famfon tankin."

Nan take ta kira 'yarta. Ba ta sauke wayar ba sai da ta ji muryar tsohuwar a tsakar gida.

"Malam, mai gyaran famfo ne kai?"

"Tela ne ni. Silinmu ma haka ya yi ciki, na ce a bari sai ƙarshen mako, sai ya rufto. Matata har yau da sanda take tafiya."