Hansai ta Rediyo Ta Kashe Mini Kasuwa

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki.

Sunana Hansai, daga Fulatan. Na daɗe ina kai nono kasuwar Rogo, ba wanda ya taɓa kushe ƙwaryata. To, a wasan kwaikwayonku na ranar Laraba kuka kawo wata mai tallan nono, ita ma Hansai, tana ƙara ruwan kududdufi a ƙwarya. Tun ranar na shiga uku. Mutanenmu suka ce rediyo ba ta ƙarya, da ni ake. Mai furar da muke zama tare ta ce, "Hansai, ashe har Kano labarinki ya kai?" Na rantse har na gaji. Kasuwa huɗu ke nan ina komawa gida da nonona, ya yi tsami in zubar.

Ina jiran ta tuba ko na samu sauƙi, sai makon jiya kuka kashe ta, wasa ya ƙare. Malam, kun binne taku kun huta. Ni da nake raye fa? Don Allah ku faɗa wa jama'a ba ni ba ce.

A gaida mini Inna Dije ta Turawa, ita kaɗai ke saye har yanzu.