Baturan Don Herminio ba sa tashi daga unguwar nan

Fada Anselmo limamin cocinmu, da mai girma magajin gari, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa da kuka cika layin gaba, Doña Milagros uwargidan marigayi, Yaritza 'yarsa, jama'ar unguwa da ke tsaye a baya, ina gaishe ku. Ni ce Nereida mai kemis, maƙwabciyarsa ta shekara talatin.

Don Herminio ya kasance mai gidan burodi, hannunsa kullum cikin fulawa. Ya kasance mutum mai taurin kai, kuma mun ci moriyar taurin kan nan. Ranar da ya shimfiɗa sola a rufin shago ya jera batura shida a ɗakin ajiya, wasu sun sha dariya. Don Efraín, shugabanmu na 'yan kasuwa, ya leƙa ya ce, "Herminio, akwatunan gawa ka fara sayarwa? Sayi janareta kamar mutane." Herminio ya ce, "Rana tana faɗuwa ƙarfe shida, Efraín. Ni kuwa ina ɗibar ta in ajiye."

Sai guguwa ta zo. Wata biyar babu wuta a kan dutsen nan, janaretocin mutanen kirki suka yi tsit don babu mai. Herminio ya kasance yana kashe injin kwaɓa fulawarsa domin firjin allurar masu ciwon sukari ya ci gaba da aiki. Da alli ya rubuta a bango jerin abin da zai fara samun wuta: magani, numfashi, sannan burodi. Gida goma sha ɗaya ya ja wa wayar wuta, har yau suna kanta. Na ga Don Efraín da idona, ya biyo ta ƙofar baya ɗauke da na'urar numfashin mahaifiyarsa. Herminio ya jona masa ita a wuta, ya miƙa masa kofi.

Yanzu kowa ya zama masanin batir. Na ji ƙungiya ta kawo takarda, wai za a kwashe baturan zuwa sabon rukunin shagunansu na bakin titi, a kafa allo da sunan marigayi. Allo. Kunya dai ba a sayar da ita a shagunan nan, shi ya sa.

Yaritza, 'yata, kada ki ba kura ajiyar nama. Doña Providencia tana can gida na bakwai, numfashinta yana rataye a wayar wutar mahaifinki. Allon tagulla ba zai hura mata iska ba. Kada ki sa hannu.

Mun gode wa duk wanda ya zo, har waɗanda suka zo da biro a aljihu. Ubangiji ya ba Herminio hutawa ta har abada, ya haskaka masa kamar yadda ya haskaka mana. Wutar gari ta ɗauke tun azahar. Wannan lasifika da kuke jin zagina da ita, hasken ranar jiya ne da baturansa suka ajiye. Amin.