Yatsan Inna

YAYA: Salamu alaikum. Halo? Auta?

AUTA: Wa alaikumus salam. Yaya, ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya gida?

AUTA: Lafiya ƙalau.

YAYA: Ya maigidan naki? Ya ƙafar tasa?

AUTA: Da sauƙi, har ya koma shago. Ya su Anti da yara?

YAYA: Duk lafiya. Ya makaranta, ya ɗalibai?

AUTA: Ɗalibai dai ga su nan, karatu ne babu. Tun safe motarku ke zagaye makarantar da lasifika, "Sai Tsani, sai Tsani," ko muryata ba na ji a aji.

YAYA: Ai gara ki saba, haka za ku yi ta ji har wasu shekara huɗu. Halo? Kina jina?

AUTA: Ina jinka sama-sama, hayaniya ta yi yawa.

YAYA: Ina ofishin jam'iyya ne. Kai, ku rage wannan waƙar mana, waya nake! Yawwa. To ya gajiyar ɗazu?

AUTA: Wace gajiya?

YAYA: Ta zuwa gidana da kika yi ba na nan.

AUTA: Au, wannan. Babu gajiya.

YAYA: Babu gajiya? Na koma cin abinci, na leƙa ɗakin Inna, ba Inna. Na ɗaga katifa, gwangwanin da take ajiye takardunta wayam, ba katin zaɓe. Jibi zaɓe, ki shiga gidana ki ɗauke min uwa da katinta, ki ce babu gajiya?

AUTA: Uwarka kai kaɗai?

YAYA: Kada ki kawo min raini! Shekara nawa tana hannuna? Tun da idonta ya rufe wa ke kai ta asibiti? Wa ke ɗiga mata magani safe da yamma? Ke sai ranar hutu ki zo da lemo biyu a leda.

AUTA: Ba wanda ya ce ba ka yi. Allah ya biya ka.

YAYA: To ki dawo min da ita kafin magariba.

AUTA: Sai bayan zaɓe.

YAYA: Me kika ce? Layin na yankewa.

AUTA: Layi lafiyarsa ƙalau, ka ji ni sarai. Na ce sai bayan zaɓe. Ni zan kai ta rumfa.

YAYA: Ke? Tab! Wato mijinki ne ya tsara miki. Dama na faɗa, tun da ya manna hoton Guga a ƙofar shagonsa na san zai shigo min gida. Jam'iyyar da ko kujerun ofis ba ta da su, sai benci.

AUTA: Ku masu kujeru me kuka tsinana? Titin gaban gidanka da kuka fasa bara, har yau sai an naɗe zani ake tsallakawa.

YAYA: Aiki ne ake kai.

AUTA: Asibitin unguwa kuma fenti kuka shafa, ko maganin ciwon kai babu a ciki.

YAYA: Su 'yan Gugan da suka yi mulki shekara takwas fa? Famfo ɗaya suka kafa, suka buɗe shi sau uku da makaɗa! Ke, ban kira ki muhawara ba. Saurara. An riga an gama tsari. Ƙarfe takwas ɗan takararmu zai zo rumfarmu, ni da Inna ne farkon layi, masu ɗaukar hoto na nan, kamar wancan karon. Ni ne shugaban jam'iyya na mazaɓa. A ce uwata ta iso rumfa a hannun matar ɗan Guga? Mutum uku ke harin kujerata a ofishin nan, kafin azahar sun kai ni ƙara sama.

AUTA: To ka ce musu ba ta da lafiya.

YAYA: Su kuma gan ta tare da ke? Ke dai ki ce so kike ki tozarta ni. Kuma na san abin da za ki yi. Mutum ɗaya doka ta yarda ya shiga da marar gani bayan labule, ba ejan, ba malamin zaɓe. Ki kama yatsan tsohuwa ki dangwala a Guga, wa ya gani?

AUTA: Ni? In kai mata yatsa inda ba ta ce ba?

YAYA: Ƙwarai kuwa.

AUTA: Lallai ka san yadda ake yi.

YAYA: Me kike nufi?

AUTA: Yaya, ba mijina ya aike ni ba. Inna ce ta sa Anti ta kira ni da safe, ta ce in zo in ɗauke ta, in haɗo da gwangwanin.

YAYA: Ƙarya kike!

AUTA: Wancan zaɓen, da kuka shiga bayan labule, ina ta ce ka kai mata hannu?

YAYA: Wannan tsakanina da ita ne.

AUTA: Guga ta ce. Ta ce ba za ta zaɓi waɗanda suka rushe mata rumfar yadi a bakin tasha ba, ko da ɗanta ne ke riƙe musu tuta. Haka ne ko ba haka ba?

YAYA: To, ta ce. Na kuma kai mata.

AUTA: Kafin ku shiga ta tambayi malamin zaɓe yadda aka jera alamomin. Ya ce Tsani na biyu daga sama, Guga can ƙasa, na ƙarshe.

YAYA: Sai aka yi yaya? Wadda ba ta gani ina ta san sama da ƙasa a takarda?

AUTA: Matar da ta shekara talatin tana auna yadi da hannu? Ka manta ko a kasuwa ba ta duba abin awo? Ta ce da ka shimfiɗa takardar ta dafa gefenta da hannun hagu. Inda ka danna mata yatsa, tsakaninsa da bakin sama faɗin yatsa uku ne.

YAYA: Takardar ce a juye.

AUTA: Yaya.

YAYA: Na ce a juye take!

AUTA: Ka rantse.

YAYA: Ke wace ce da za ki rantsar da ni? To na kai! Na kai Tsani, sai me? Ƙuri'a ɗaya ce cikin miliyoyi. Tsohuwa tana fushi a kan rumfar katako, ita ta san inda ƙasa ta dosa? A gidan Tsani take ci, a gidan Tsani take kwana. Gyara na yi mata, kuma jibi ma in na shiga da ita gyaran zan sake. Saura ki je ki faɗa mata na amsa, wallahi sai na...

AUTA: Ba sai na faɗa ba. Wayar a buɗe take a kan tabarma, tana zaune kusa da ni.

YAYA: Wa? Halo? Auta, ba na son wasan banza.

INNA: Ba wasa take ba. Ina wuni, shugaba.

YAYA: Inna... Inna, ina wuni. Ya jiki? Wallahi yarinyar nan ce ta tunzura ni, ba haka nake...

INNA: Na ji ka da kunnena, kunnen bai mutu ba. Ranar nan da muka fito aka tare mu da abin hoto, na ɗaga yatsa da tawada, na sa maka albarka a gaban mutane. Ban so a ga kunyarka ba. Na ce in mun koma gida zai faɗa min da bakinsa. Shekara huɗu ina jira.

YAYA: Inna, ƙuri'a ce fa kawai, ba wani...

INNA: Ni ba ƙuri'ar ce ta dame ni ba. Ba ni da ido sai hannunka. Kai ke miƙo min ƙwayar magani ka ce in sha. Tun daga ranar, ba ka taɓa ba ni ƙwaya na haɗiye ba sai na laluba ta da yatsa na ji ko ita ce ta jiya. Ɗan da na haifa. Ka san nauyin wannan a zuciyata?

YAYA: Subhanallahi. Inna, ni zan cuce ki? Ni?

INNA: Ban ce ba. Na dai kasa daina lalubawa.

YAYA: Ki bari in zo yanzu, mu yi magana. Ga mota a ƙofa, minti goma...

INNA: Yi zamanka, kana da aiki. Jibi in ka gan mu a layi, in gaisuwa za ta ɓata maka kujera, ka wuce abinka, na yafe. Auta, kama min yatsan nan ki ɗora inda ake kashewa.

YAYA: Inna, tsaya! Don girman Allah ki tsaya, ki ji... Inna? Halo? Halo!