Ranar da wanzami ya mayar da askarsa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Hadiza daga Gidan Sori.

Ba zan manta ranar da wanzami ya zo yi wa ɗana na fari kaciya ba, yana da shekara shida. Ya duba shi, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wa maigidana, "Malam, wannan ba aikina ba ne. Ku kai shi Maradi."

Bayan gwaje-gwaje a asibiti, likita ta ce mace na haifa, har da mahaifa. Tun cikin ciki jikin ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima, shi ya sa ungozoma ta ce namiji ne. Ta ce sinadarin kan shafi har irin wasan da yaro ke so. Sai na tuna ba ya rabuwa da danƙon harbi da amalanken babansa.

Iya, uwar mijina, ta ce a ɗaura masa zane a kai shi Gazawa wurin ƙanwarta, inda ba wanda ya san shi. Da ya ga zanen, ya ɓuya bayan rumbu yana kuka: "Inna, me na yi?"

Duk littattafan soyayyar da na karanta, babu wanda ya koya mini amsar wannan tambaya.

Iyayen da suka taɓa ganin haka, don Allah ku ba ni shawara. Amma na riga na gaya wa Iya ba zai je Gazawa ba. Zai zauna gabana da wandonsa, yana shan maganin da likita ta rubuta masa, har ya girma mu ji daga bakinsa.