Kafin a Kafa Allon Sunansa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangaya, Shugabar Sashenmu, malamai da ɗalibai. Yaya, matar marigayi, da ke da yara, sannunku da haƙuri.

An ce in yi magana saboda ofishinmu ɗaya da shi tun muna da baƙin gashi. Mu Rawaya muke ce masa, don asid ya rine masa yatsu, sabulun duniya ya kasa fitarwa.

Ya kasance mutum mai neman abu a inda kowa ya zubar. Tsohuwar salansar mota yake kwasowa, ya fasa cikinta, ya dafa a asid, har ɗan ƙarfen nan mai tsada, faladiyam, ya narke, ruwan ya yi kalar shayi. Sai ya zuba ƙwayoyin jel farare, ya ja kujera. A hankali jel ya zuƙe ƙarfen ya rine, ruwan ya washe. Ranar da ya fara dacewa, da gudu ya shigo ofis yana cewa, "Taso ka gani, ya kama!" Har shayina ya kifar.

Ya kasance mai haƙuri da jinkiri. Yakan ce ƙarfen nan ba ya yawo shi kaɗai a ruwa, sai ka san abin da ya riƙe kafin ka raba su.

Ya kasance kuma mai korar ɗalibai. Duk mun sani, har dariya muke yi. Da zarar zai ɗora asid sai ya ce, "Ku fita ku sha iska, ni huhuna tsohon ƙarfe ne." Dalili kuwa, fankar da ke zuƙe hayaƙi daga akwatin da ake dafa asid a ciki ta daɗe da mutuwa. Ya kai kuka sama har ya gaji. Ana ce masa ana kan dubawa.

Yaya, ke kika kwana da tarin nan, mu a rana kawai muke jin sa. Ke likita ya nuna wa hoton huhun. Rai na Allah ne, ba mu musu. Amma hayaƙin nan ba daga sama ya sauko ba, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Ranka ya daɗe, mun ji za a kafa allo da sunansa a ƙofar ɗakin gwajin. Mun gode. Sai dai ga ɗalibarsa can a layin baya, mai farin gilashi. Saura mata gwaji na ƙarshe ta kammala digirinta, kuma sai ta dafa asid a akwatin nan. Jiya ta zo tana tambayata makullin ɗakin. Wanda ke korar ta waje ya tafi.

Makullin ga shi a hannuna. A asibiti ya damƙa wa Yaya, ya ce kar a bai wa yarinyar nan sai fanka ta juya. Ita kuma Yaya ta kawo mini. 'Yata, ki yi haƙuri, ba zan ba ki ba. Ranka ya daɗe, allon zai iya jira.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Rawaya, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya sa kar mu sake taruwa a zauren nan saboda ɗakin can. Amin.